Shayar da ciyawar da aka shuka ta hanyar feshi

Ka tambaya ko sau nawa za a shayar da filin da aka fesa wa gaurayen irin ciyawa, ruwa, taki da ɓarzajjen katako. A makonni biyun farko a riƙa yayyafa ruwa kaɗan-kaɗan sau 2 ko 3 a rana, yadda saman zai kasance da danshi ba tare da ruwa ya kwanta ba, domin yawansa yana kwashe iri, musamman a gangare. Idan koren launin feshin ya koɗe, kada hankalinka ya tashi, rini ne kawai. Bayan tsiro ya fito, a rage yawan shayarwa, amma a bar ruwan ya ratsa ƙasa sosai. Ba a yankan farko sai ciyawar ta kai kimanin santimita 8.