Me ya sa wasu limaman Buddha ke tunzura jama'a a kan Musulmi?

Malam, ka tambayi yadda addinin da ya yi suna wajen ƙyamar zubar da jini ya haifi masu hura wutar gaba da Musulmi. A ganina, tushen abin siyasa ne da tsoro. A Myanmar, limamin Buddha Ashin Wirathu da ƙungiyar masu tsattsauran ra'ayin Buddha ta 969, daga baya kuma irinta mai suna Ma Ba Tha, sun dinga wa'azin cewa Musulmi za su mamaye ƙasar ta hanyar haihuwa da auratayya, don haka a ƙaurace wa shagunansu. Alhali Musulmin ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Dama dokar 1982 ta hana 'yan Rohingya, wata ƙabilar Musulmi a Myanmar, zama 'yan ƙasa, kuma a 2017 farmakin sojoji ya kori sama da 700,000 zuwa Bangladesh. Har yau abin yana ci mini rai.

Amma kada ka yi wa limaman Buddha kuɗin goro. A rikicin garin Lashio na Myanmar a 2013, gidan ibadar Buddha ne ya ba ɗaruruwan Musulmi mafaka. Ka kuma yi hattara da hotuna: an yaɗa na limaman Tibet masu aikin ceto bayan girgizar ƙasar 2010 a China da sunan kisan Rohingya.

Batun ko abin da aka yi wa 'yan Rohingya kisan ƙare dangi ne a shari'ance kuwa, tuntuɓi masanin dokar ƙasa da ƙasa. Gambiya ta kai ƙarar Myanmar Kotun Duniya (ICJ) kan wannan zargi a 2019.