Ga mai tambayar gilashin zum: ni ma na taɓa tsayawa inda kake

Salam Malam. Sau biyu na karanta tambayarka, a karo na biyu sai da na ajiye wayar na tashi na zagaya ɗaki. Ka ce kuɗin hannunka zai ɗauki ɗaya cikin gilasan kyamara biyu masu zum, wato masu jawo abin nesa kusa, ko Tamron 70-200 f/2.8 G2 sabo dal a kwalinsa, ko Canon 70-200 f/2.8L IS II na hannu, kuma mai Canon ɗin yana ta kiranka wai ka yi sauri akwai wani mai so. Wannan "akwai wani mai so" ɗin ita ta tayar min da tsohon miki, don da ita aka ci ni.

Ba zan faɗi kamfanin gilashin da na saya ba, laifin ba nasu ba ne, kuma ba na so a mayar da zancen musun wane kamfani ya fi, kun san halinmu a nan. Zum ne na kamfanin kyamarata, irin wanda na daɗe ina mafarki. Mutumin ya sa hotunansa, gilashi na sheƙi, ga jakarsa, ga murfinsa gaba da baya. Muka yi magana a waya, bakinsa kamar zuma. Wai kyauta aka yi masa, shi ba mai hoto ba ne, bai ɗora shi a kyamara ya kai sau goma ba. Na ce mu haɗu da safe, ya ce aiki. Na ce da rana, ya ce aiki. Sai bayan faɗuwar rana ya samu lokaci, a wurin ajiye motoci, ko injin motarsa bai kashe ba. Yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina. Mutum ya zaɓi duhu don ya sayar maka da abin da aikinsa haske ne, kai kuma kana ta godiya.

Na ɗora shi a bodi, wato jikin kyamarar, na saita wata fitila can nesa, ya kama, na danna, na duba bayan kyamara, hoto ya fito. Shi ke nan gwajin da na yi. A gaban gilashin akwai filta, wato siririn gilashin da ake murɗawa a bakinsa, na kai hannu zan kwance sai ya ce ai ta ɗan cije, ya bar min ita kyauta. Har na ji daɗi wallahi, na ce wannan mutumin kirki ne. Ashe zoben gaban ne ya lotse, shi ya sa filtar ba ta fita, wato gilashin ya taɓa faɗuwa da ka. Yana ta duba agogo, wayarsa na ƙara, yana cewa ga ɗayan nan yana kira. Na biya.

Kwana tara bayan nan na samu aikin bikin yaye ɗalibai. Wata baiwar Allah ce ta ɗauke ni, ɗiyarta ta fari ke kammala karatu, kuma abu ɗaya ta nanata min: lokacin da za a kira sunan yarinyar ta karɓi takardarta, shi take so. Sauran duk ƙari ne. Na samu wuri a gefen zauren, na gwada a kan waɗanda aka kira kafin ita, lafiya lau. Aka kira sunanta. Ta taso, na ja zum zuwa ƙarshe, na taɓa maɓalli, sai na ji gilashin ya yi wani ƙiii a tafin hannuna, ya tafi gaba, ya dawo baya, ya tsaya a tsakiya. Komai dishi-dishi. Na sake taɓawa, shiru. Na murɗa zoben fokas da hannu, yana juyawa amma ba abin da ke motsi a ciki. Ina kallo ta cikin kyamara, wata inuwa mai launin rigarta ta miƙa hannu, ta karɓa, ta juya, ta sauka. Bai fi daƙiƙa goma ba. Kafin in cire shi in ɗora ƙaramin gilashina an kira mutum uku.

Abin da har yau bai bar ni ba shi ne uwar. Tana can cikin jama'a ta waiwayo tana neman idona, ta ɗaga min hannu tana murmushi, alamar ka samu ko? Ni kuma na gyaɗa mata kai. Ban san me ya sa na gyaɗa ba. Daga baya na same ta a waje na faɗa mata gaskiya. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi min sauƙi. Cewa kawai ta yi, "To, ba komai," ta kama hannun ɗiyarta. Na mayar mata da kuɗinta, na yi musu hotuna a waje kyauta, amma wancan lokacin ba a maimaita shi. Hoton da suke da shi na karɓar takardar wani ne ya ɗauka da waya daga layin baya, kan wani mutum ya rufe rabi.

Mai gyara da ya buɗe shi sai ya kira ni in zo in gani da idona. Kan ƙusoshin baya duk sun cinye, an sha kwance su da abin da bai dace ba. A ciki akwai wata siririyar waya mai faɗi kamar zare, an liƙe ta da salatif. Motar fokas, wato ƙaramin injin da ke saita hoto ya fito tar, tana aiki in gilashin na sanyi, in ya ɗauki zafin aiki sai ta tsaya. Ya haska tocila ta baya ya ce in leƙa ta gaba, sai ga fumfuna a gefe ta yi rassa kamar saƙar gizo-gizo. Mutumin da "bai ɗora shi sau goma ba". Na kira shi ya fi sau ashirin. Ranar farko ya ɗauka ya ce lafiya ya ba ni, wa ya san abin da na yi masa. Rana ta biyu ya rufe lambata. Bayan wata guda na ga ya sa wani gilashin a kasuwa da wani sunan, da irin kalaman nan dai, kyauta aka yi masa. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba, kada ma wani ya zo min da wa'azi a ƙasa.

To Malam, ka ga ni wanda maciji ya sara ne, ka auna maganata da wannan.

Gaskiya Canon ɗin da kake magana gilashi ne na gaske, ba mai musu. A 2010 ya fito, kuma ƙwararru sun yi shekaru suna cin abinci da shi. Da suka fito da na III a 2018 ma ba su canja tsarin gilasan ciki ba, shafen da ke kansu suka inganta. Amma wannan lissafin yana da wata fuskar: na II ɗin da za a miƙo maka ya kwana biyu a duniya, kuma irin gilashin da masu aiki kullum ke saya ne, ba na ajiya a kabad ba. Ana iya samun wanda ya yi shekara goma yana shan ƙura da ruwa da bugun ƙofa, jikinsa kuma bai nuna ba saboda ƙarfe ne. Gilashi ba shi da lissafin shota, wato yawan hotunan da aka ɗauka, irin na bodi da za ka duba ka san nawa ya yi aiki. Sunan da ke jikinsa yana gaya maka yadda aka ƙera shi ne kawai, ba ya gaya maka hannun da ya bi. Sannan ka tambayi mai gyaran da ka yarda da shi ko kayan gyaransa na samuwa, don kamfanoni na daina yin kayan tsofaffin gilasai bayan wasu shekaru.

Tamron ɗin kuma na 2017 ne. Ka manta da zancen da ake yi a da cewa na kamfanin waje, wato wanda ba shi ya ƙera kyamarar ba, tarkace ne. Wannan maganar ta tsufa tun da Sigma, wani kamfanin wajen, suka fito da jerin gilasansu na Art a 2012, Tamron ma suka bi da nasu. Nauyinsu kusan ɗaya, wajen kilo 1.5 kowanne, filta mai faɗin milimita 77 duka biyun, kowanne na da abin hana rawar hannu, Canon na kiransa IS, Tamron na kiransa VC. In aka ajiye maka hotuna biyu ba a faɗa maka ba, da wuya ka ware, mai biyanka kuɗi kuwa ko a mafarki. Inda za ka ji bambanci a hannu ne. Zoben zum na Tamron yana gaba, na Canon yana kusa da bodi, kuma Tamron yana juyawa ne ta ɓangaren da na Nikon ke juyawa, kishiyar Canon. In hannunka ya saba, makon farko za ka riƙa ja baya alhali kusa kake nufi. Wani abin kuma, Tamron yana matsowa har mita 0.95, Canon sai 1.2, amma duk da haka in kana kusa ka ja zum zuwa ƙarshe, a kan 200, fuska ba ta cika hoto a Tamron kamar yadda take cikawa a Canon. In aikinka hoton fuska ne daf da daf, ka gwada wannan kafin ka biya.

Ba ka faɗa mana bodin da kake riƙe da shi ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. In mai madubi a ciki ne, wato DSLR, gilashin waje kan so a ɗan daidaita masa fokas, wani ya kama gaban ido, wani bayansa. Nawa sabon da na saya daga baya sai da na ɓata yamma guda ina saita shi da ruler a kan tebur. Tamron na da wani ɗan faifai da suke kira TAP-in Console, Sigma na da USB Dock, ka haɗa da kwamfuta ka gyara saitin, ka sabunta manhajar cikin gilashin. Ka sa kuɗinsa cikin lissafi. In kuwa marar madubi ne da adafta, wato zoben da ke haɗa shi da gilashin, wannan ciwon kan ya ragu sosai, don a kan sensa, wato farantin da ke ɗaukar hoton, ake kama fokas. Sai dai ka sani, kamfanonin waje a kan bakin EF, wato mahaɗin gilashi da bodi na Canon, ba Canon ne ya ba su sirrin yadda bodi ke magana da gilashi ba, su suka gano abinsu. Shi ya sa in sabon bodi ya fito wani lokaci sai an sabunta manhaja. Lokacin da Nikon suka fito da kyamarorinsu marasa madubi na Z a 2018 an ga haka da wasu gilasan Tamron a kan adaftarsu ta FTZ. Na kamfanin kyamara ba ya ba ka wannan fargabar, nan kam na ba su.

Af, garanti. Kada ka ji "sabo" ka saki jiki. A wasu ƙasashe Tamron na ba da shekara 5 ko 6, amma ga wanda ya saya ta hannun dilan da suka amince da shi, a yankin da aka yi garantin dominsa. Sabon da aka shigo da shi ta bayan fage, takardar da ke kwalin ado ce. Ka tambayi mai sayarwa kai tsaye: in motar fokas ta tsaya bayan wata takwas, wa zan kai wa, kuma wa zai biya? Ka kalli fuskarsa lokacin da yake amsawa. In ya fara kame-kame, to fifikon sabon ya ragu da rabi.

Kuma don Allah mu daina sayen gilashi don idon mutane. Na san daɗin a gan ka da farin gilashi mai jan zobe, har sauran masu hoto su matsa maka. Ni ma abin da ya rufe min ido ke nan, sunan da ke jiki, ba hoton ba. Akwai masu zuwa nan su yi wa yaro dariya don ya sa hoton da ya ɗauka da Sigma, alhali nasu hoton ko saiti babu. Wannan ɗabi'ar ita ke tura sababbin shiga hannun irin mutumina. Na dai faɗa.

In zuciyarka ta nace sai Canon ɗin, ban hana ka ba, har ma yana da wata riba: ya riga ya gama faɗuwar daraja, ranar da za ka sayar ba za ka yi asara sosai ba, Tamron kuwa daga buɗe kwali ya fara sauka. Amma da rana tsaka za ku haɗu, da bodinka, da kwamfuta in da hali, don allon bayan kyamara maƙaryaci ne. Ka cire filta, in ta ƙi fita ka miƙa masa kayansa. Ka haska tocila ta baya ka leƙa. 'Yar ƙura ba komai ba ce, kowane zum na da ita, amma hazo ko zare-zare mai rassa, gudu. Ka duba kan ƙusoshi. Ka buɗe ƙofar haskensa gaba ɗaya, a 2.8, ka ɗauki abu ɗaya mai nisa, ka sa shi a kowace kusurwa huɗu, a 70 da 135 da 200, in kusurwa ɗaya ta fi sauran laushi to wani gilashi a ciki ya goce. Ka kunna IS ka kasa kunne, ƙaramin sauti daidai ne, ƙwanƙwasa ko tsallen hoto ba daidai ba ne. Kuma kada ka yi harbi biyar ka ce ya yi. Ka sa shi aiki minti 20 ko 30, kusa, nesa, kusa, nesa, har ya ɗumama. Da na yi wannan kaɗai da ban tsaya gaban matar nan ina neman kalma ba.

Ka nemi ya ba ka kwana uku na mayarwa, a rubuce, da lambar jikin gilashin. Mai kaya nagari ba ya tsoron wannan. Shagunan da ke sayar da na hannu da garantin wata 6 sun fi tsada kaɗan, kuma wannan ƙarin shi ne kuɗin barcinka.

Duk wanda ka saya kuma, kada ka bar shi cikin jaka a rufe wata da watanni, danshi da duhu su ne abincin fumfuna. Akwati mai rufuwa da 'yan ƙunshin silika ya isa in ba ka da kabad ɗin busarwa, danshin ya tsaya tsakanin kashi 40 zuwa 50. Kuma ka daina ba da aro, wannan wani labarin ne na daban, ranar da na huce zan ba ku.

Ni dai da kuɗin nan a hannuna, ga mai kira yana cewa in yi sauri, Tamron zan ɗauka in garantinsa na gaske ne. In ka koma wa mai Canon ka ce masa gobe ƙarfe goma na safe, awa guda kake so da gilashin, sai ka dawo nan ka faɗa mana abin da ya ce. Ka haɗo da sunan bodinka.