Amsa: Yadda ake gwada zafin rufi da ɗakunan gwaji

Malam, tambayarka ita ce yadda za ka gane wanne ya fi hana zafi, kwano zalla, kwano mai farin fenti, ko mai silin.

Gina ƙananan ɗakuna iri ɗaya sak, misali mita 2 tsawo da faɗi, su fuskanci gefe guda, da tazarar da inuwar wani ba za ta faɗa kan wani ba. Rufin kaɗai zai bambanta. Bar ɗaya da kwano zalla domin kwatantawa. Kafin ka sauya komai, rufe su duka da kwano iri ɗaya na kwana 3. In zafinsu ya bambanta, matsalar daga ginin take.

Sa na'urorin auna zafi a ƙarƙashin kwano, tsakanin kwano da silin, tsakiyar ɗaki, da waje cikin inuwa. Fara tsoma su cikin ruwan ƙanƙara, kowacce ta nuna digiri sifili a ma'aunin Celsius. Su riƙa ɗaukar awo duk minti 10, dare da rana, na mako 2 aƙalla, ƙofofi a rufe. Awon dare ne ake yawan mantawa, alhali rufin kankare sai rana ta faɗi yake sako zafin da ya sha.

Na'urar auna zafi da ake haskawa daga nesa tana yin ƙarya a kan kwano mai sheƙi. Manna baƙin tef ka auna a kansa. Ƙura kuma tana rage amfanin farin fenti, don haka sake awo bayan wasu watanni.

In sakamakon na bincike ne ko zanen babban gini, nemi injiniyan gine-gine ya auna zafin da ke ratsa rufin bisa ISO 9869, wato ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta yin irin wannan awo.