Tambayi Likita: Me ya sa aka yi wa maƙwabtanmu rigakafin sanƙarau mu aka tsallake mu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita, sannu da ƙoƙari. Dan Allah mun ji sanarwar ma'aikatar lafiya ta jiha a rediyo cewa a kula da sanƙarau tunda zafi ya shigo, to abin da ya ɗaure min kai an zo an yi allura a ƙaramar hukumar da ke kusa da mu, mu kuwa ko leƙo mu ba a yi ba, alhali a unguwarmu ma wani yaro ya rasu wuyansa a sanƙare. Son kai ne ko me? Daga Maman Abba, Jigawa

AMSA: Wa alaikumus salam Maman Abba, Allah ya jiƙan yaron ya ba iyayensa haƙuri. Bari ni ma in tambaye ki, an kai shi asibiti kafin ya rasu, ko a gida aka yi ta jiƙe-jiƙe da maganin kemis? Domin in bai je asibiti ba to wallahi ba ya cikin lissafin da ke hannun hukuma, kuma da lissafin nan ake yanke inda za a kai allura.

Ga yadda abin yake. Kowace ƙaramar hukuma tana da jami'in sa ido kan cututtuka, shi ke tattara rahoton asibitoci duk mako ya tura jiha, jiha ta tura NCDC, wato hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, a Abuja. A ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya in a mako ɗaya aka samu mutum 3 cikin dubu 100 da ake zargin sanƙarau sai a shiga shirin ko ta kwana, in ya kai 10 to an shiga annoba, a nan ne ake neman allura daga ajiyar alluran rigakafi ta duniya, ita ma ba a zube take ba sai an nuna hujja. Sannan dole a gwada a san wace irin ƙwayar cuta ce, don sanƙarau kala-kala ne, akwai A, C, W, X da Y. Allurar rigakafin MenAfriVac da aka fara yi a Najeriya a 2011 ta karya lagon A sosai, amma a 2017 sai C ta ɓarke ta fi tsanani a Zamfara da Sakkwato ta kashe sama da mutum 1,000, waccan allurar kuma ba ta kare C. A 2024 ne Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da allurar Men5CV mai kare duka biyar ɗin, kuma Jigawa na cikin inda aka fara, 'yan shekara 1 zuwa 29 aka yi wa.

Ni dai ina ganin ya kamata jihohi su riƙa faɗin wannan dalilin ƙarara a rediyo, rashin bayanin ne ke kawo zargi. Ku kuma ku sanar da mai unguwa da asibitin da ke kusa batun yaron nan yau ɗin nan, ko a kira 6232, layin NCDC ne kyauta.

TAMBAYA: Likita an kwantar da ƙanina an ce sai an ɗebi ruwan bayansa, mahaifiyarmu ta ce sam, wai yana shanye ƙafa. Gaskiya ne? Daga ɗanka a Gusau

AMSA: Ɗana ka lallashi Hajiya ta bari a ɗiba. Allurar tana shiga ne can ƙasan baya, ƙasa da inda laka ta ƙare, ruwan da ake ɗiba ɗan kaɗan ne kuma jiki na mayar da shi. Abin da aka fi gani bayan an yi shi ne ciwon kai na ɗan lokaci. Kurumta da farfaɗiya da raunin gaɓoɓi da mutane ke gani su ɗora wa allurar, aikin cutar ce in aka makara, don sanƙarau na iya kashe mutum cikin kwana ɗaya, shi ya sa likita ba ya jiran sakamako yake fara allurar ceftriaxone mai kashe ƙwayar cutar.

Ku sa ido kan sauran yaran gidan, zazzaɓi mai zafi da ya zo farat ɗaya, ciwon kai, amai, ƙin haske. Jariri ba lallai wuyansa ya sanƙare ba, a duba maɗigarsa ko ta kumbura, ko ya ƙi kama nono yana ta kuka mai ƙara, in an ga haka ko tsakar dare ne a tafi asibiti. A buɗe tagogi, a rage cunkoson kwana a ɗaki ɗaya har damina ta sauka.