Barista, in kai kukan Mama wajen kansila ne ko lauya zan nema?

Salamu alaikum Barista, dan Allah shawara nake nema. A Ingila muke zaune, mahaifiyata shekararta 74 kuma tana da takardar zama ta dindindin, ta samu shanyewar ɓarin jiki, da aka sallamo ta daga asibiti an riƙa turo mata masu kula da ita safe da yamma har sati shida, daga nan suka ɗauke ƙafa aka ce mutanen kansil, wato ƙaramar hukumarmu, zasu zo su duba ta, yau wata huɗu kenan shiru kake ji, in na kira sai ace tana kan layi. Ni ke mata wanka ni ke ɗaga ta, ga yara uku ga aikin dare, bayana ya fara ciwo. Abokin maigidana yace in je in kama ƙafa da kansilan unguwarmu shi zai sa a yi komai, wata ƙawata kuma tace ɓata lokaci ne in nemi lauya kawai. Ya zan yi?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Hajiya lafiya yasa kaffara ne, ke kuma Allah ya saka miki da alheri. Banga takardunku ba dan haka a kan abinda kika rubuto kawai zan yi magana, kuma dokar Ingila nake nufi, wanda ke Sikotlan ko Wels tsarinsu daban ne.

Abokin maigidanki da ƙawarki kowa ya kama gefe ɗaya na gaskiya. Amma kafin mu zo kan kansila ki fara sanin cewa abinda kike nema ba alfarma bane, haƙƙin Hajiya ne. Dokar da ake kira Care Act ta 2014, wadda ta fara aiki a watan Afrilu 2015, sashe na 9 ya ɗora wa kansil wajibi cewa duk babban da ga dukkan alamu yana buƙatar kulawa sai an zo an auna buƙatunsa, ko yana da kuɗi ko bashi da ko sisi, ko suna ganin buƙatar ƙarama ce. Dokar bata yanke adadin kwanaki ba, nan ne suke fakewa, sai dai ƙa'idar aikinsu tace a yi cikin lokacin da ya dace da gaggawar lamarin, to wata huɗu ga tsohuwar da bata iya tashi da kanta kuma an janye mata masu taimako, wannan abu ne da za a iya ƙalubalanta. Sannan sashe na 19 ya basu ikon su turo taimako na wucin gadi tun kafin a gama aunawa in abin na gaggawa ne, yawancin mutane basu san da shi ba shiyasa basa roƙa. Ke ma kanki sashe na 10 ya baki haƙƙin a auna naki nauyin a matsayin mai jinya, da ciwon bayan da aikin daren da yaran duk su shiga lissafi.

To kansila fa? Mu da muka taso a gida idan aka ce kansila abinda ke zuwa mana a rai shine mutumin da za a je gidansa da sassafe a zauna a zaure, in ya ga dama ya ɗaga waya yace a yi, shikenan an yi. Nan ba haka bane. Kansila zaɓaɓɓe ne na shekara huɗu, su ke zama su amince da kasafin kuɗin kansil duk shekara, su ke tsara manufa, a cikinsu akwai wanda aka damƙa wa ɓangaren kula da manya, akwai kuma kwamitin da ke bin diddigi yana kiran manyan jami'ai su zo su yi bayani. Amma hukunci a kan mutum ɗaya, wato Hajiya ta cancanta ko bata cancanta ba, awa nawa za a bata a sati, wannan aikin ma'aikata ne, su soshiyal woka, wato ma'aikatan jin daɗin jama'a, da shugabanninsu ƙarƙashin daraktan kula da manya. Kansila bashi da ikon ya umarce su su canza, in ma ya matsa musu lamba shi zai shiga uku don akwai ƙa'idar ɗa'a da ke kansa.

Abinda zai iya kuma ba ƙarami bane. In kansila ya rubuta wa sashen yana tambaya a madadinki, takardarsa ta wata hanya daban take bi ba layin wayar da kike ta kira ba, galibi tana sauka ne a teburin manaja kuma sai an bashi amsa a rubuce. Na sha ganin fayil ɗin da ya yi watanni yana barci ya farka cikin sati biyu saboda imel ɗaya na kansila, ba don an yi wa kowa alfarma ba, kawai dai wani babba ya buɗe ya ga abin kunya ne. Dan haka ki je, kyauta ne. Ki sa lambar unguwarku a shafin kansil zaki ga sunayensu, yawancin mazaɓu suna da biyu ko uku, kuma da yawansu suna da ranar da suke zama a laburare ko zauren unguwa suna sauraron jama'a. Ki lura da abu ɗaya, in a Landan kuke ko birane irin su Manchesta da Bamingam kansil ɗaya ne ke yin komai, amma a wasu yankunan hawa biyu ne, na gunduma shi ke da shara da gidaje, na kawunti shi ke da kula da manya, kar ki ɓata Asabar ɗinki wajen wanda ba huruminsa bane. Ki tafi da takarda shafi ɗaya mai ranakun da kika kira da abinda aka ce miki, da kuma 'yar takardar da Hajiya ta sa hannu cewa ta yarda a yi magana a kan lafiyarta, in babu wannan ma'aikata zasu ce basa iya faɗa masa komai. Kuma dan Allah kar a riƙe kilishi ko turare a tafi da shi, nasan a wajenmu mutunci ne, amma nan zaki jefa bawan Allah cikin tsaka mai wuya ne kawai, akwai dokar cin hanci ta 2010 kuma basa wasa da ita.

Inda ƙawarki take da gaskiya shine zuwa wajen kansila baya tsayar da agogon wa'adin kai koke ko shiga kotu. Dan haka ranar da kika tura masa ki shigar da koke a rubuce ta hanyar koke-koken kansil, ki ambaci sashe na 9 da na 10 da na 19, ki nemi a baki ranar da za a zo. Ƙa'ida tace su sanar dake sun karɓa cikin kwana uku na aiki. In amsarsu bata gamsar ba sai ki wuce wajen Ombudusman mai duba ƙananan hukumomi da harkar kulawa, shima kyauta ne, amma sai kin fara bi ta kansil kuma cikin wata 12 daga sanda kika san da matsalar, yana iya cewa a gyara a bada haƙuri har da 'yar diyya, illarsa dai yana da jan ƙafa. In abin ya ƙazanta, misali Hajiya ta faɗi ko ke kin kwanta babu mai ɗaga ta, to ba lokacin jiran Ombudusman bane, lauyan da ya ƙware a wannan fannin zai rubuta musu takardar gargaɗi kafin shiga kotu, yawanci kwana 14 ake basu, kuma ƙarar neman babbar kotu ta duba matakin hukuma ana shigar da ita ne da wuri, kar ta wuce wata uku. Ana samun tallafin lauya na gwamnati a irin wannan shari'ar, ana duba ƙarfin Hajiya ne. A ganina baki kai nan ba tukuna, kansila da koke a lokaci guda, ki basu sati biyu zuwa uku ki gani. In sun ce miki babu kuɗi, eh gaskiya ne kansil-kansil suna cikin matsi, Bamingam ma a watan Satumba 2023 sai da ta shelanta cewa ta kasa daidaita kasafinta, amma rashin kuɗi ba hujja bace ta ƙin biyan buƙatar da aka tabbatar mutum ya cancanta. Suna iya zaɓar hanya mafi araha, basa iya cewa babu.

Yanzu ga abinda ya fi damuna, wanda ba kansila ba lauya da zai iya gyara miki in ya lalace, wato ranar da zasu zo ɗin. Akwai wata baiwar Allah da na taɓa taimaka wa, irin naki sak, an sha fama kafin a samu ranar, da safe ta yi wa tsohuwar wanka ta sa mata atamfa mai kyau ta ɗaura mata kallabi aka kunna turaren wuta aka zaunar da ita a falo tsaf kamar mai jiran baƙin suna. Ma'aikaciyar ta tambaya yaya take fama da shiga bayi, tsohuwa ta sunkuyar da kai tace Alhamdulillahi mun gode Allah, 'yar kuma da ke fassara tace tana cewa lafiya lau. Aka tambayi 'yar ko tana iya ci gaba, tace ai uwata ce. Abinda aka rubuta kenan, iyali suna kula da ita. Alhali matar nan sau uku ake tashi da ita cikin dare. Sai da muka yi wata biyar muna warware wannan kunyar ta minti goma.

Dalili kuwa, ana cancanta ne in lalurar jiki ko ta ƙwaƙwalwa ta hana mutum aƙalla biyu cikin abubuwa goma da aka jera, irin su ci da sha, tsaftar jiki, biyan buƙata a bayi, sa tufafi, zirga-zirga cikin gida ba tare da haɗari ba, fita cikin jama'a, kuma hakan yana taɓa rayuwarsa sosai. Wanda yake iyawa amma da azaba ko sai ya ɗau lokaci mai tsawo, doka na lissafa shi cikin wanda baya iyawa. Kuma ana aunawa ne kamar bakya nan, amma in aka zo tsara taimako duk abinda kika ce kina yi kuma kin yarda ki ci gaba, kansil ba dole bane su ɗauke miki shi. Dan haka ki faɗi gaskiya da bakinki, wanka da ɗagawa bazan iya ci gaba ba, girki da magani zan iya. Wannan ba saɓa wa iyaye bane, dokar Ingila bata tilasta wa ɗa jinyar iyayensa ba, kuma in bayanki ya karye waye zai riƙe ta. Ki nemi su zo da tafinta na Hausa kar ki zama ke ce mai fassara, ki lallaɓa Hajiya tun kafin ranar, ki rubuta yadda kwana bakwai suke wucewa dare da rana ki miƙa musu. Ki sa a rubuta cewa mace take so ta taɓa jikinta, da maganar abincin halal da alwala da lokutan sallah, sashe na 1 yace a kula da ra'ayi da aƙidar mutum.

Maganar kuɗi, aunawa kyauta ce, sati shidan nan ma kyauta ne, haka kayan taimako da ƙananan gyare-gyare irin ƙarfen riƙewa a bayi in basu wuce fam 1,000 ba. Amma masu kulawa na dindindin ana duba dukiyarta, tata ita kaɗai ba taki ko ta maigidanki ba. In tana da sama da fam 23,250 ita zata biya, ƙasa da fam 14,250 ba a taɓa ajiyar sai dai a duba abinda ke shigo mata, gidan da take ciki baya shiga lissafi matuƙar a gida ake kula da ita. Amma in akwai gida ko fili da sunanta a Kano ko Kaduna ki faɗa, yana shiga, kuma kar wani ya baku shawarar a yi sauri a maida shi sunan ƙaninki, suna iya lissafawa kamar yana hannunta. Kina iya neman a baku kuɗin a hannu ku ɗauki mai kula da kanku, ko Bahaushiya in kun samu mai izinin aiki, amma galibi basa yarda a biya ɗan'uwa na kusa da ke gida ɗaya. Ki cike mata fom ɗin Attendance Allowance, kuɗin tallafin da gwamnati ke ba tsofaffi masu buƙatar kulawa, wannan baya duba dukiya, sai dai in ke kika sa hannu kika ɗauki nauyin shigo da ita ƙasar ki bari wani masani ya duba takardun tukuna. Kuma ki tambaya ko an taɓa gwada ta a tsarin da NHS, hukumar lafiya ta ƙasa, ke ɗaukar nauyin kulawa gaba ɗaya, samunsa da wuya amma tambaya bata cin kuɗi.

Wurin da kansila ya fi amfani ma ba a fayil ɗin mutum ɗaya bane. Tun Afrilu 2013 aka maida wa kansil harkar kare lafiyar jama'a, su ke ɗaukar nauyin gwajin lafiya na 'yan shekara 40 zuwa 74 duk shekara biyar, da shirin barin taba da makamantansu, kuma kansiloli suna zama da mutanen NHS a hukumar lafiya da walwala ta yankin, zaman da kowa ke iya shiga ya saurara. In matsalar ita ce babu isassun mata masu kulawa a unguwarku ko ba a samun tafinta ko ana shirin rufe wata cibiya ta tsofaffi, nan ne kuke haɗuwa ku goma ku same shi ya kai maganar kwamiti. Kuma in fasfo ɗin Najeriya ko Ghana ko Kamaru gareki kina da izinin zama to kina da ƙuri'a a zaɓen kansiloli saboda ƙasashen nan suna cikin ƙungiyar Komanwel, 'yan'uwanmu na Nijar ne basu da ita sai sun zama 'yan ƙasa, amma suma kansila nasu ne, duk mazaunin unguwa yake wakilta. Ki duba ko sunanki na cikin rajista, in kin kai arba'in kuma ki je a auna jininki, mu baƙaƙe hawan jini yana kama mu da wuri. In an baki ranar zuwansu ki turo min kafin ta zo mu duba abinda kika rubuta na kwana bakwai ɗin nan tare.