Masaƙar da Baba ya yi wa aiki ta zama kango, ina zan samo tarihinsa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya yi sama da shekara 20 yana aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri a Kaduna. Kwanaki na kai yarana su ga inda kakansu ya yi aiki, sai na tarar rufi ya zube, ciyawa ta fi mutum tsayi, injinan kuwa an ce 'yan gwangwan sun yanyanke. Na tsaya bakin get ina hawaye, na rasa abin da zan nuna musu. Ina so in rubuta tarihinsa kafin mu ma mu bi shi. A gida akwai adakarsa cike da tsofaffin takardu, amma yayana ya ce tarkace ne, tunda komai yana ajiye a wurin gwamnati. Wani mutum kuma ya ce in ba shi takardun da kuɗin mota, zai ciro mana fayil ɗin Baba har da haƙƙinsa. Ina tsoron komai ya riga ya ɓace. Ta ina zan fara? (Wata mai karatu daga Kaduna)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa. Kafin ki ƙarasa karanta amsar nan, ki tashi ki mayar da adakar ɗakinki ki sa mata kwaɗo, kuma ko ƙyallen takarda kada ki miƙa wa mutumin nan. Sauran magana ta biyo baya.

Na gane hawayenki. Duk wanda ya san Kakuri a lokacin da jiniya ke tada unguwa, kekuna suna kwarara kan titi idan masu aikin dare sun tashi, ba zai ga wurin yau ya yi barci mai daɗi ba. Kaduna Textiles ta fara saƙa a 1957, zamanin Sardauna, sannan Nortex da United Nigerian Textiles (UNTL) da Arewa Textiles suka biyo baya a shekarun 1960. Yadda suka durƙushe kin sani, na sani: faɗuwar naira bayan 1986, rashin wuta, tsadar baƙin mai, atamfar fasa-ƙwauri da ta cika kasuwa. Kaduna Textiles ta tsaya a 2002, UNTL ta rufe a 2007. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, ranar da aka kashe injina, ofishin da ke riƙe da fayilolin ma'aikata shi ma ya mutu, kuma shi ba wanda ya yi masa makoki.

To, maganar yayanki. "Komai yana wurin gwamnati." Wallahi da wuya mako ya fita ban ji wannan magana ba, kuma ta hallaka takardun iyalai fiye da yadda gobara ta hallaka. Ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna wuri ne mai albarka, na yi shekaru ina zama kan bencinta, amma abin da ke cikinta takardun hukuma ne: fayilolin tsohuwar gwamnatin Arewa, rahotannin larduna, lissafin haraji, rubuce-rubucen Larabci da ajami. Za ki iya samun wasiƙun da aka yi musaya kan kafa masaƙa, ko rahoton yajin aiki. A Gidan Arewa kuma, tsohon gidan Sardauna da aka mayar cibiyar bincike a 1970, za ki iya bin tsofaffin jaridu irin su New Nigerian da Gaskiya Ta Fi Kwabo ki ga labarin masaƙar. Duk wannan tarihin kamfani ne. Fayil ɗin Baba, mai ɗauke da ranar da aka ɗauke shi, da ƙarin girman da ya samu, da ranar da inji ya ji masa ciwo, kayan kamfani ne, yana cikin ofishin kamfani. Idan kamfani ya karye, masu bin bashi fili suke ƙirgawa, da injina, da janareta. Takarda ba ta shiga lissafi. Sai a kulle ta a sito, rufi ya fara yoyo, gara ta shiga, mai gadin da ya yi wata da watanni ba albashi ya kwashe saura ya sayar a kan sikeli.

Na gani da idona. Wata safiya na sayi ƙosai, ina warware takardar sai na ga jerin sunaye, kowane suna da lamba a gefensa, da albashinsa, da abin da aka cire masa na ƙungiya. Takardar biyan albashi ce ta wata masaƙa, mai ya riga ya cinye rabin sunayen. Na tambayi mai ƙosan, ta nuna mini buhu guda a ƙarƙashin teburinta. Na saye abin da ya rage. Can ne "wurin gwamnatin" da yayanki yake nufi ya ƙare.

Yanzu kuma ƙaryar ta yi sabuwar riga, wai komai yana intanet. Wa ya sa shi a can? Yawancin shekarun aikin Baba da biro da keken rubutu aka rubuta su, kuma kamfanin da ya kasa sayen baƙin mai ba zai ɗauki mutum ya zauna yana shigar da tsofaffin fayiloli cikin kwamfuta ba. Illar wannan zato ita ce, wanda ya ɗauka akwai kwafi a wani wuri ba ya jin ciwon jefar da nasa. Ranar rabon gado a raba gida da fili, a juye adaka a bola don a ba amarya ta zuba kaya. Ranar tashi daga gidan haya a cinna wa "tarkace" ashana. Sai bayan shekara goma jika ya zo wurina yana neman kakansa, in tura shi ina?

Mutumin da ya ce zai ciro fayil kuwa, da wannan zaton yake cin abinci. Irinsu sun san cewa ma'aikatan masaƙu da yawa sun fita ba tare da an biya su garatuti ba, wasu har suka koma ga Allah suna jira. Sai su bi zawarawa da marayu, su karɓi takardu na asali da 'yan kuɗi, daga nan waya a kashe. Kuɗin ba su ne abin baƙin ciki ba, takardun ne, don su kaɗai ne shaidarku idan wata rana aka zo biya da gaske. Ofishin gaskiya fotokofi yake karɓa, na asali kuwa a hannunki zai duba ya mayar miki. Idan kina zaton akwai haƙƙi, ki je da ƙafarki hedikwatar ƙungiyar ma'aikatan masaƙu da teloli ta ƙasa, wadda aka kafa a 1978, tana nan Kaduna. 'Yan'uwan waɗannan macuta su ne masu zana salsala don kuɗi, waɗanda za su jingina ki da gidan sarauta ko wani babban malami. Ina roƙonki kada ki bari a sauya wa Baba sana'a. Mutumin da ya ciyar da ku da guminsa, ya tufatar da mutane da akoko da atamfa, ba ya bukatar rawanin aro.

Guntun gatarinki ya fi sari ki ba ni, saboda haka ki buɗe adakar. Abu na farko da za ki nema lambar aikinsa, domin suna ba ya wadatarwa. Akawu yakan rubuta suna yadda kunnensa ya ji, da yawa kuma da sunan garinsu aka yi musu rajista, sai ki tarar da masu suna ɗaya su biyar a sashe ɗaya. Ki nemi katin shiga get, takardar ɗauka aiki, takardar sallama, katin ƙungiya, da katin asusun tanadin ma'aikata da aka kafa a 1961, wanda daga baya ya zama NSITF. Takardar albashi guda ɗaya za ta gaya miki ko kaɗi yake, ko saƙa, ko rini, har da bashin keke idan ya ci. Kada ki liƙe su da leda mai zafi irin ta shagon fotokofi, kada ki sa salatif, kuma bayan hoto da fensir ake rubutu. Ki ɗauki hoton kowace takarda gaba da baya, ki tura wa 'yan'uwa uku a garuruwa daban-daban, sannan ki ɗora adakar a kan wani abu, nesa da bango, saboda gara da laima.

Takarda idan an killace ta za ta jira ki, tsofaffi ne ba za su jira ba. A masaƙun Kakuri Bahaushe da Tibi da Bajju da mutumin Bendel inji ɗaya suka tsaya, kwano ɗaya suka ci. Rikicin addini na shekarar 2000 ya raba garin, wasu suka tsallaka kogi suka yi arewa, wasu suka yi kudu, don haka mai yiwuwa wanda ya fi kowa sanin Baba a bakin aiki yana unguwar Sabon Tasha ko ta Television, can kudu da kogi, ba a masallacin unguwarku ba. Ki tambayi Mama, idan tana raye, sunan wanda yakan biyo masa da keke da asuba. Ki neme shi a wannan makon, ki tafi da hoton Baba, da 'yar tsaraba, da yaranki. Kada ki ce masa "ba ni tarihi", zai ce ba ya da abin faɗa. Ki tambaye shi wa ya koya wa Baba ɗaura zare idan ya tsinke, me suke kiran helumansu a bayan idonsa, ina suke cin abincin dare, me Baba ya ce ranar da suka zo suka tarar da get a kulle. Ki nemi izininsa ki kunna rakodar waya, ki bar shi ya yi ta magana, kuma kafin ki tashi ki roƙe shi sunan mutum biyu da suka rage a sashensu.