Shin bishop sarkin coci ne? Amsar tambayoyinku kan muƙaman Metodis

Wani ɗan'uwa daga Jalingo ya aiko da tambaya, ya ce an ba shi aikin tafinta a wani taron cocin Metodis, da aka zo kan kalmar bishop sai ya ce "sarkin ikilisiya", wasu dattawa suka ɓata rai. Yana so ya san ko ya yi kuskure.

To malam, gaskiya dattawan nan suna da hujja. Kalmar bishop asalinta daga Girkanci take, ma'anarta mai sa ido ko mai dubawa, shi ya sa a Littafi Mai Tsarki na Hausa za ka ga an ce mai kula da ikilisiya. Sarki kuwa a wajen Bahaushe shi ne wuƙa shi ne nama a ƙasarsa, kuma tsarin Metodis tun farko ba a kan haka aka gina shi ba. John Wesley, wanda ya kafa tafiyar a Ingila, ya fara tara masu wa'azinsa a Landan a 1744, kuma wannan taron na shekara-shekara shi ne bayan rasuwarsa a 1791 ya gaji ikonsa, wato taro ne ya gaje shi ba wani mutum ɗaya ba. Har yau Metodis na Birtaniya ba su da bishop ma sam, shugaban taro suke zaɓa ya yi shekara ɗaya tak ya sauka, mataimakinsa kuma ba fasto ba ne. A Amurka ne abin ya soma, inda Thomas Coke da Francis Asbury suka zama masu dubawa a 1784, daga baya suka koma amsa sunan bishop, Wesley kuwa da ya ji ransa bai so ba, har wasiƙar faɗa ya rubuta wa Asbury. Saboda haka ka ce bishop kawai, kowa ya san ta, in kuma dole sai ka fassara to mai kula da ikilisiyoyi ya wadatar.

Ya kuma tambaya wace karin magana ce ta dace da wannan tsari. Ni dai a ganina "gaba da gabanta", ba sai ka ƙarasa da aljani ya taka wuta ba tunda a majami'a kake. Fasto yana da shugaban gunduma a kansa, shugaban gunduma yana da bishop, shi ma bishop ɗin yana ƙarƙashin babban taro, kuma a cocin da kuke kira UMC, wato Haɗaɗɗiyar Cocin Metodis mai tushe a Amurka, wakilan babban taronsu na duniya da ake yi duk shekara 4 rabi fastoci ne rabi sauran membobi, bishop-bishop suna jagorantar zama amma ba su da ƙuri'a a ciki.

Wata 'yar'uwa daga Kaduna kuma ta ce ta rikice, wai tana jin ana cewa Prelate a wani wuri, a Taraba kuma bishop kawai take ji, ko abu ɗaya ne?

'Yar'uwa, coci biyu ne daban kike haɗawa. Akwai Cocin Metodis ta Najeriya, wadda tushenta daga Birtaniya ne, Thomas Birch Freeman ya sauka Badagry a 1842, suka samu cin gashin kansu a 1962. Da farko shugaban taro suke da shi irin na Ingila, sai a 1976 zamanin Bolaji Idowu suka ɗauki tsarin bishop da akbishop har shi kansa aka ba shi laƙabin Patriarch, wato uban iyaye ke nan in za mu Hausantar, abin da ya jawo rabuwar kai ta tsawon shekaru, bayan sulhu aka koma kiran shugaban Prelate. Sunday Mbang ya riƙe, sai Ola Makinde, sai Samuel Uche, sai Oliver Aba a 2022. Ba mu da kalma ɗaya tilo da ta yi daidai da Prelate, "babban shugaban ikilisiya na ƙasa" ya yi, kar dai ki ce fafaroma, wannan na Katolika ne. Ita kuwa ta Taraba reshen ta Amurka ce, wato UMC, aikin mishan ɗinta a yankin Muri ya kafu, wajajen Bambur, kuma bishop ɗinta na farko ɗan ƙasa shi ne Done Peter Dabale a 1992.

Akwai wanda ya tambayi bambancin rabaran da fasto. A taƙaice rabaran laƙabin girmamawa ne na wanda aka naɗa, fasto kuma sunan aiki ne, asalinsa makiyayi. Jaridu su kan ce limamin coci, ba laifi, mai karatu zai gane.

Tambayar da ta fi burge ni ita ce ta wani matashi da ya ce kullum ana canza musu fasto, da sun saba da mutum sai a ɗauke shi, kakarsa kuma sai ta ce "sarki goma zamani goma", ko ta yi daidai? Ta yi mana, don ma'anar karin maganar ita ce kowane shugaba da salonsa, in ya tafi sai ku koyi zama da na bayansa. Amma wannan canjin ba mugunta ba ce ake muku, gadon gidan ne. Masu wa'azin Wesley a kan doki suke zagaya garuruwa, daga nan ne aka samo kalmar sakit da kuke ji, wato zagaye, rukunin majami'u da fasto yake kewayawa. Waɗanda ba sa motsi su ne masu riƙon amanar kuɗi da kaya, da shugabannin aji. Shi wannan ajin ba na makaranta ba ne fa, ƙaramar ƙungiya ce ta mutum kamar 12 da aka fara a Bristol a 1742 don tara kwabo-kwabo duk mako a biya bashin ginin ɗakin taro, sai aka lura mai karɓar kuɗin shi ne ya fi sanin wa ke ciwo, wa ya daina zuwa, gidan wa aka yi faɗa, sai aka ɗora masa kula da su gaba ɗaya. Idan kana neman wanda za ka jefa wa "babba juji ne" a cocinku, shugaban ajinku za ka nema, ƙofarsa ake fara bugawa kafin maganar ta kai kunnen fasto.